Sunan ƙarfen da ke buɗe ƙofofin inji: aro ko ƙirƙira?

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025, tambayar da ke gaban masu nazarin harshe ita ce ko za a iya koyar da fasahar injin mota da ita. Bari mu gwada da ƙarfe guda ɗaya, wanda Faransanci ke kira *arbre à cames*, makanikan Kano kuwa suka Hausantar da sunansa na Ingilishi suka ce kamshaf.

Fassarar kalma da kalma ba za ta kai mu ko'ina ba, domin *arbre* a nan ba itace ba ne, sanda ce mai juyawa. Dole mu fara sanin aikin abin. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana da ƙofar shigar iska da ta fitar hayaƙi, kowace da bawul ɗinta. A jikin sandar akwai kumburi masu siffar ƙwai. In ta juya, tsinin kumburin ya danna bawul ya buɗe; in ya wuce, sifirin ya mayar da shi ya rufe. Bel ko sarƙa ke haɗa ta da karanshaf, kuma sai karanshaf ya juya sau 2 kafin ita ta juya sau 1. Siffar kumburin ce ke yanke lokacin buɗewa da zurfinta da daɗewarta, shi ya sa injiniyoyi suka fi ɓata lokaci a kansa.

Ana zuba ta da narkakken ƙarfe, a sanyaya wajen kumburin da sauri don ya yi tauri, ko a ƙera ta da baƙin ƙarfe mai ƙarfi. Masana'antun yau sukan ɗauki bututu mai rami su ɗaura masa kumburin ɗaya bayan ɗaya, don rage nauyi. Daga nan sai na'ura ta goge su. Tun 1989 kamfanin Honda ya fito da VTEC, inda inji ke sauya kumburin da yake aiki da shi idan gudu ya ƙaru.

Ashe dai kumburin ne zuciyar ma'anar. Larabci ya gane haka, ya ce *amud al-hadabat*, wato ginshiƙi mai ƙusumbi. Mu kuma muna da tozo, wanda duk wanda ya taɓa ganin sa ko raƙumi ya san siffarsa. Ina ganin "sanda mai tozaye" ta fi aron kalma amfani a aji: ɗalibi na jin sunan zai hango abin, kuma jam'inta ba wuya, "sanduna masu tozaye", ga injin da ke da guda 2 a kansa. Aibinta tsawo. Makaniken da ke ƙarƙashin mota a Maraɗi, yana neman yaronsa ya miƙo masa ita, da wuya ya furta gaɓoɓi 6 alhali kalmar aro ta fi gajarta.