BAKIN MAI BISHARA: DARASI DAGA ƘASAR EKWADO

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 2:1-12, 14:8-18, 1 Korintiyawa 14:6-12.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, sa'ad da ekklesiya ta aiki saurayi wurin mutanen da ba su jin harshensa, mu kan ƙosa mu ji labarin masu tuba. Wata uku ya wuce, wata shida ya wuce, ba mu ji kome ba sai cewa yana koyon gaisuwa. Waɗansu kuwa sai su fara gunaguni a kan kuɗin baiko. Darasinmu na wannan wata a kan waɗannan watanni ne na shiru.

1. Mai ilimi ya koma yaro

Jim Elliot mutumin Amurka ne, an haife shi a 1927. Ya gama makarantar Wheaton a 1949, inda ya karanta Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Gwanin magana ne a gaban taro. A watan Fabrairu 1952 ya sauka daga jirgin ruwa a Guwayakil, ƙasar Ekwado, a Amurka ta Kudu, tare da abokinsa Pete Fleming. Daga nan suka hau zuwa Kito, babban birnin ƙasar, wanda ya ke bisa duwatsu, tsayinsa ya fi ƙafa 9,000 daga bakin teku. Baƙo a can ya kan yi haki in ya ɗan yi sauri, gama iskar ba ta da kauri.

Zuciyarsa tana kurmi, wurin mutanen Kichwa. Amma harshen gwamnati da kasuwa da asibiti a ƙasan nan Sifaniyanci ne. Saboda haka sai da ya zauna a Kito wajen wata shida yana koyo. Ku duba: mutumin da ya iya karanta wasiƙun Bulus da harshen Bulus, ga shi ba ya iya cinikin ayaba sai da yatsa. Baƙo ko da ido makaho ne.

2. Inda wuyar ta ke

Bari mu ga abin da ke ɗaure bakin mai koyon Sifaniyanci. Pero ma'anarsa "amma", perro kuwa "kare" ne. Bambancinsu kaɗa harshe kaɗai. Papa dankali ne, papá uba ne. In ka danna gaɓar da ba ita ba, ka mai da uban mutum dankali. Hablo shi ne "ina magana", habló kuwa "ya yi magana". Mu ma muna da irin wannan: garin da a ke zama ciki daban, garin tuwo daban, ga rubutu ɗaya, amma kunnen Bahaushe ba ya ruɗewa.

Kowane suna a Sifaniyanci ko namiji ne ko tamata, kamar yadda mu ke cewa gidan da gonar. Wannan ba zai dami Bahaushe ba, amma mai Turanci bai saba da shi ba, sai ya yi ta tuntuɓe. Akwai kuma tú da a ke ce wa tsara ko yaro, da usted na girmamawa, kamar yadda ɗa mai ladabi ya ke ce wa dattijo "ku". Wanda ya rikita su ya yi rashin kunya bai sani ba.

Hanyar da Jim ya bi ita ce ya koma gidan mutanen ƙasar, inda ba a jin Turanci. Littafi yana koya wa ido, amma kunne da baki sai a bakin akushi da kan hanya. Dole yara su yi maka dariya. Matambayi ba ya ɓata.

3. Bayan wani harshe akwai wani

Da ya sauka kurmi, a tashar Shandiya, sai ya sake komawa yaro, gama Kichwa ba dangin Sifaniyanci ba ne ko kaɗan. Su kan ajiye aikatau a ƙarshen magana, su kuma liƙa ƙananan gaɓoɓi a wutsiyar kalma: wasi gida ne, wasimanta "daga gida". Elisabeth Howard, wadda ya aura a Oktoba 1953, ita ma ta koyi Sifaniyanci a Kito a 1952, sa'an nan ta tafi wurin mutanen da a ke kira Kolorado don ta sa harshensu a rubuce. Aka harbe mutumin da ke taimakonta, daga baya kuma aka sace akwatin da ke ɗauke da takardun aikin duka. Duk da haka ta ɗauki Kichwa daga farko.

Harshe na gaba shi ne na Waorani, waɗanda maƙwabtansu ke kira Auka, sunan reni ne. Jim ya tattara 'yan kalmomi daga bakin Dayuma, wata 'yar kabilar da ta gudo. Da waɗannan kaɗan shi da abokansa huɗu suka sauka a bakin kogin Kurarai, a can kuwa aka kashe su da māsu ran 8 ga Janairu 1956. Shekararsa 28. A 1958 Elisabeth da Rachel Saint suka shiga suka zauna tare da mutanen nan, suna saurare, suna rubutawa. Sabon Alkawari bai fito da harshen Waorani ba sai 1992.

4. Abin da Littafi ya koya mana

A ranar Fentikos Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa taron su koyi harshen manzanni ba. Bakin manzanni ya juya, har kowa ya ji da harshen garinsu. Nufin Allah ke nan: mai kai saƙo shi ne mai sunkuyawa.

A Listra kuwa jama'a suka yi ta sowa da harshen Likoniya, suna ɗaukar Bulus da Barnaba alloli ne. Ga alama manzannin ba su farga ba sai da aka kawo bijimai na hadaya. In manzo zai iya shiga irin wannan ruɗani, balle ɗanmu. Shi ya sa Bulus ya gargaɗi Korintiyawa cewa maganar da ba a gane ba iska ce kawai ta kwashe.

Ku tuna kuma da Ubangijinmu. Ya yi shekara wajen 30 a Nazarat kafin ya fara wa'azi, ya koyi magana a bakin uwa kamar kowane yaro. Watannin koyo ba ɓata lokacin Allah ba ne. Aikin ke nan ya soma.

5. Abin da ya wajaba a kanmu

Kai saurayi da aka aika, kada ka jingina ga tafinta har abada, kada kuma ka ce ai suna jin Hausa a kasuwa. Mutum yana ciniki da harshen kasuwa, amma da harshen uwarsa ya ke kuka. Ka zauna da tsofaffi, ka je gona da su, ka rubuta kalmomi biyar kowace rana, ka kira mutane da sunan da su ke kiran kansu.

Ku kuma dattawan ekklesiya, in wasiƙarsa ta zo kada ku fara da tambayar mutum nawa suka tuba. Ku tambaye shi ko ya iya gai da mai makoki. Ku aika da taimakonsa a kan kari, ku riƙa ambatonsa da suna cikin addu'ar safiya.

Tambayoyi

1. Don me Ruhu ya ba manzanni harsuna maimakon ya ba taron kunne ɗaya?
2. Wane hatsari ne ya sami Bulus da Barnaba a Listra?
3. Waɗanne harsuna a ke yi kewaye da garinku waɗanda ba wanda ya iya a ekklesiyarku?