Yadda ake canza boljoyin na motar Hilux a gida

Duk direban da ke bin hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi ta Moriki, ko wadda ta ratsa Zurmi zuwa Jibiya, ya san cewa a 'yan shekarun nan ba a son mota ta tsaya a daji. Boljoyin na ƙasa kuwa idan ya tsinke ba ya sallama, sai dai ka ga taya ta kwanta, gaban mota ya daki ƙasa. Shi ne gaɓar da ta haɗa hannun ƙasa, wanda kanikawa ke kira lowa-am, da ƙarfen da ke riƙe taya. Abin da ke kashe shi da wuri a nan shi ne yagewar robarsa: giris ya fita, yashi da ruwan damina su shiga, ramuka da gargada su ƙarasa.

Wannan bayani na Hilux ne mai jan ƙafa huɗu, ƙirar 2005 zuwa sama, wadda ake dannan boljoyin ɗinta cikin lowa-am. Tsofaffi masu toshinba nasu ɗaure yake da bol huɗu, ya fi sauƙi.

1. Tabbatar shi ne. Alamunsa ƙarar "ƙwas-ƙwas" a kan gargada, sitiyari mai yawo, da taya mai cinyewa gefe ɗaya. Sa jak ƙarƙashin lowa-am ka ɗaga, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan da wasa, wani ya taka birki. Wasan ya ɓace? Boris ne. Yana nan? Boljoyin ne. Zura liba ƙarƙashin taya ka ɗaga, ka ga inda ke motsi.

2. Haɗa kaya tun kafin ka kwance komai. Jak, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, wil-sifana, soket, filaya, guduma, fula, matsin boljoyin wanda za ka iya arowa a gareji, waya, giris da sabon fin. Tafi shago da lambar shasi, ko a Kaura, ko Gusau, ko Kofar Ruwa a Kano. Sayi sabo, kuma guda biyu, domin na ɗaya gefen ma ya sha irin wahalar da wannan ya sha. Na kwance ba ka san tafiyar da ya yi ba.

3. Tokare mota. Nan ne ake rasa rai. Nemi daɓen siminti. Idan ƙasa ce mai yashi, shimfiɗa katako mai kauri. Ja hambirki, sa giya, tare tayoyin baya da itace. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka kafa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi. Kada ka dogara da jak kaɗai, kada ka sa bulo, fashewa yake farat ɗaya. Tura tayar da ka cire ƙarƙashin shasi, ka kori yara daga wurin.

4. Raba gaɓar. Mai da jak ƙarƙashin lowa-am ya ɗan ɗauke nauyinsa. Zare fin, ka sassauta babban notin boljoyin amma ka bar shi a kan zare biyu ko uku. Sa fula ka matsa har ya saki da ƙara. Idan ba fula, doki gefen ƙarfen da sandar boljoyin ta shiga. Kada guduma ta taɓa kan sandar ko zarenta. Kwance bol biyun da suka ɗaure wannan ƙarfe a jikin ƙarfen taya. Idan wuri ya matse, kwance notin tsakiyar taya ka tura shaf baya.

5. Rataye abin da ka kwance. Ɗaure ƙarfen tayar da waya a sama. Idan ka bar shi yana reto zai ja tiyon birki da wayar ABS, ko ya zaro shaf daga gidansa, aikin yini ya koma na kwana uku.

6. Fitar da tsohon. Cire robar, ka cire zoben da ya kulle shi, ka lura da ɓangaren da ya shigo. Ɗora matsi ka tura shi waje. Goge ramin tas, ka duba ko ya tsage.

7. Shigar da sabon. Shafa giris kaɗan a ramin. Matsi ya hau kan kwankwason ƙarfen, ban da sanda, ban da roba, kuma ya shiga a miƙe har ya zauna. Mai da zoben. Idan sabon ya faɗa ramin da hannu kawai, ramin ya buɗe, sai sabon lowa-am. Kada ka yarda a ɗiga masa walda: zafi na narkar da kwanon robar da ƙwallon ke zaune a ciki.

8. Ɗaura. Sandar ta shiga a bushe, ba giris. Ɗaure bol da noti gwargwadon awon da littafin motar ya faɗa, da sifana mai awo. Idan ramin fin bai dace ba, ƙara matsewa kaɗan, kada ka sassauta. Sa sabon fin ka lanƙwasa bakinsa. Ƙusa ko guntun waya ba sa maye gurbinsa.

9. Gwada. Mai da taya, sauke mota, ƙarasa ɗaure notoci a gicciye. Taka birki sau da yawa, murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka zaga cikin gari a hankali kana saurare. Daga nan sai wajen masu saitin ƙafa, domin duk wanda ya taɓa boljoyin ya taɓa saiti.

Idan kana da lodi zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, yi aikin tun Litinin, ka samu sararin sake duba notoci bayan kilomita 50 na farko. Daga nan kuma, duk ranar juyen baƙin mai, leƙa robar: da ka ga ta tsage, ka fara neman sabo.