Salsalar gida a cikin kwamfuta ɗaya

Cinikin goro ne ya kafa zangon Hausawa a Agege, jirgin ƙasa da ya haɗa Legas da Kano a 1912 kuma ya ƙara masa jama'a. Yau akwai gidajen da suka kai zuriya ta huɗu a nan, an yi auratayya da Yarabawa da Nufawa, wasu jikokin ba su taɓa taka garin kakansu ba. Shi ya sa matasa suka tashi haiƙan wajen rubuta salsala. Sukan zauna da tsohuwar gida, su ɗauki muryarta, su shigar da sunaye cikin manhaja irin su Gramps ko Family Tree Maker. Aiki ne mai lada: yana riƙe zumunci, ranar rabon gado kuma yana nuna wane ɗan wane ne.

Mai wannan rubutu sana'arsa ceto bayanai daga kwamfutocin da suka mutu, tsakanin Agege da kasuwar Computer Village ta Ikeja, kuma aikin salsala ne ya fi sosa masa rai idan ya salwanta. Takardar ciniki ana sake ta, amma gwaggon da ta lissafa 'ya'yan kishiyoyi uku da ka, idan ta rasu, shi ke nan. An taɓa kawo masa kwamfutar da ruwan damina ya shiga. Mai ita ya kwantar da hankalinsa don yana da kwafi a filashi, ashe filashin yana cikin jaka ɗaya da kwamfutar, ruwa ya ci su tare. Ga wutar lantarki mai ɗaukewa ana tsakiyar adana fayil, ga ɓarayin waya a tashar mota, ga filashin jabu da aka rubuta masa girman da ba shi da shi, yana karɓar fayil kamar gaske yana lalata shi a ɓoye.

Abu na farko da ya kamata mai salsala ya sani shi ne GEDCOM. Tsarin fayil ne da cocin Mormon na Amurka ya fito da shi a 1984, kuma kusan duk manhajar salsala tana karanta shi. Amfaninsa yana bayyana ranar da manhaja ta mutu, kuma suna mutuwa: an daina tallafa wa Personal Ancestral File a 2013, kamfanin Ancestry ya sanar da janye hannunsa daga Family Tree Maker a Disamban 2015 kafin Software MacKiev ya saye ta. Wanda ya fitar da GEDCOM yana iya ƙaura zuwa wata manhaja ba tare da ya sake buga suna ko ɗaya ba.

Sai dai akwai tarko biyu. Tsohon GEDCOM ba ya ɗaukar hotuna da murya, adireshin inda suke a kwamfuta kawai yake rubutawa. Sai sigar 7.0 ta 2021 ta zo da hanyar ɗaure su a ƙunshi ɗaya. Mutane da yawa sun buɗe kwafinsu sun tarar da sunaye cif, hoton kaka babu. Dole a kwafe jakar hotunan dabam, ko a yi amfani da ajiyar ita manhajar, kamar fayil ɗin gpkg na Gramps mai haɗawa da hotuna. Tarko na biyu na Hausawa ne musamman. Idan ba a zaɓi UTF-8 ba wajen fitar da fayil, haruffa masu lanƙwasa sukan koma alamar tambaya, a nemi Ɗanladi da Ɓaidu da garin Ƙaraye a rasa. Gyara wannan a sunaye ɗaruruwa wahala ce da za a iya kauce mata da latsawa ɗaya.

Wasu kuma suna ajiye fayil ɗin da suke aiki a kansa cikin jakar da Google Drive ke kwafewa kai tsaye, suna ganin sun tsira. Ba su tsira ba. Idan aka goge reshe guda bisa kuskure, kuskuren ma yana hawa intanet. A rufe manhaja tukuna, a fitar da kwafi, a sa masa kwanan wata a suna, kada sabo ya danne tsoho. Tun Disamban 2023 Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, don haka imel ɗin mamaci ba ma'aji ba ne. Hoton da aka tura ta WhatsApp kuwa matse shi ake yi, sai an tura shi a matsayin takarda.

Ƙa'idar masu sana'ar ceto bayanai ita ce kwafi 3, a ma'aji iri 2, ɗaya a nesa. A nan mutanen Agege suna da gatan da ba kowa ke da shi ba, domin kusan kowane gida yana da ɗan'uwa a Kano ko Katsina ko Sakkwato. Mai tafiya gida da salla ya tafi da filashi, ya haɗa da salsalar a buge a takarda don dattawan da ba ruwansu da kwamfuta; su ne ma za su gano inda aka ba wata ɗan da ba nata ba. Kwafin da za a raba wa dangi a cire masa ranakun haihuwa da lambobin masu rai, don a 2018 an bayyana cewa imel na masu asusu sama da miliyan 92 ya fita daga hannun shafin salsala na MyHeritage.

Saura gwaji, wanda kusan kowa ke tsallakewa. A ɗauki kwafin a buɗe shi a kwamfutar wani, a duba adadin mutanen ya yi daidai, a latsa hotuna biyu ko uku, a nemi suna mai ƙ ko ɗ. Sannan mutum na biyu a gidan, ƙane ko 'ya, ya san kalmar sirri da inda filashin yake.