Sanin Mutane ta Hanyar Abincinsu

Baƙon da ya sauka a garin Bauchi, da wuya ya kwana bai ci masa ba. Tun kafin a kai shi fadar Sarki ko kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai masaukinsa ya riga ya aika an sayo ta. A Kano waina ake ce mata, amma ko Kanawa sun san masar Bauchi ta yi suna.

Aikinta ba na gaggawa ba ne. Ana jiƙa farar shinkafa ta kwana a ruwa. Da safe a wanke, a haɗa da albasa da 'yar dafaffiyar shinkafa, a kai niƙa. A zuba yis, a rufe ƙullun har ya tashi. In ya yi tsami da yawa, a ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan. Daga nan sai gishiri da sukari, sai tanda da mai. A ci da miyar taushe, wadda ake yi da kabewa da alayyahu da yakuwa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Baƙon da ya zauna ya ga wannan hidima ya san abin da muke nomawa, ya kuma san yadda muke girmama wanda ya zo mana.

To, mu ma in mun yi tafiya, haka ya kamata mu dubi abincin wasu. Akwai mutumin da zai yi wata guda a garin mutane, kullum shayi da burodi, don yana ƙyamar abin da bai saba da shi ba. Irin wannan ya ga tituna da gine-gine, amma bai san mutanen ba, kuma asara ce babba.

Ɗauki hanyar Jos, ka wuce Nabordo da Tilden Fulani. Kana hawa tudu, iska tana ƙara sanyi, abincin ma yana canjawa. Can za ka ga dankalin Turawa jibge a bakin hanya, domin shuka ce mai son sanyi. Za a kuma ba ka gwaten acca. Acca hatsi ce mai ƙananan ƙwayoyi kamar yashi. Tana yi a ƙasa mai duwatsu inda dawa ba ta jin daɗi, kuma tana nuna da wuri, shi ya sa take ceton manomi kafin sauran amfanin gona ya iso gida. Wahalarta wanki: sai an rege ta sau da yawa kafin tsakuwa ta fita. Idan an ajiye maka gwate ba ka ji ƙasa a haƙori ba, ka yi wa matar gidan godiya da kyau, domin ta sha aiki. Ba ma sai ka je Filato ba. 'Yan'uwanmu Sayawa na Tafawa Ɓalewa da Bogoro sun san acca tun kaka da kakanni.

Ta gabas kuwa, in ka bi Darazo da Potiskum da Damaturu ka isa Maiduguri, Barebari za su tarbe ka da burabusko na tsakin gero, da bandar kifi daga Tafkin Chadi.

Wanda bai da kuɗin mota ma yana iya wannan tafiya a cikin gari. Malam Yakubu ya kafa Bauchi a 1809, kuma tun lokacin Gerawa da Fulani da Jarawa da Hausawa suke cuɗanya a nan. Jirgin ƙasa ya iso a 1961, a 1976 garin ya zama hedkwatar jiha, mutanen kudu suka ƙaru. Yau a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal akwai manja da agushi da garin rogo kusa da kuka da kuɓewa. Amalar Yarabawa garin busasshiyar doya ce, shi ya sa take da duhu. Miyar da suke ci da ita mai yauƙi, ganyen lalo ne da muka sani, kuma su ma da daddawar kalwa suke ɗaga miya. Tuwon rogo na Ibo yana da wari, wasu har su toshe hanci. Amma warin yana da dalili. Rogo mai ɗaci yana da guba, kuma jiƙon kwanaki da ake masa har ya yi tsami shi ke fitar da ita. Wannan sani ne da zai amfani duk mai noman rogo.

Da ɗan gari akan ci gari. In an kawo abin da ba ka sani ba, ka yi tambaya cikin ladabi:

"Sannu da aiki, Mama. Wannan miyar da me aka yi ta?"

"Da agushi ne, ɗana, da ganye da manja."

"Naman fa, na mene ne? A ina aka yanka?"

Tambayar nama ba rashin kunya ba ce. Musulmi yana da abin da addini ya hana shi, mai ciwon suga ko hawan jini yana da abin da likita ya hana shi. Faɗi dalilinka da sakin fuska, ka ci abin da ya halatta. Abin da ke ɓata rai shi ne yamutsa fuska a kan kwanon mutum.

Lafiyarka ma ka kula da ita, musamman a tasha. Zaɓi abincin da aka sauke yanzu yana tururi, ka guji wanda ya wuni a buɗe ƙudaje suna bi. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci, ba a cikin kwanon da mutum goma suka tsoma hannu ba. Ruwan da ba ka yarda da shi ba, a tafasa shi tukuna, domin ta ruwa ne amai da gudawa suka fi kama matafiyi.