BABI NA TARA: FASAHAR HARSHE DA KIƊA A IBADAR KIRISTOCIN HAUSAWA

9.0 Gabatarwa

A yayin nazarin waƙoƙin addini, ɗalibai kan taƙaita ga waƙoƙin wa'azi da na bege, su manta cewa akwai Hausawa mabiya addinin Kirista masu nasu rumbun waƙoƙi. A ƙauyukan ƙasar Bici da makwabtanta akwai zuriyar Maguzawa da suka karɓi Kiristanci, kuma da Hausa suke ibada. Wannan babi zai duba yadda suke sarrafa harshe da kiɗa a cikin majami'a.

9.1 Taƙaitaccen Tarihi

Dakta Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a birnin Zariya a 1905, daga baya aka mayar da mishan zuwa Wusasa a 1929. A 1932 aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ita kuwa ƙungiyar S.I.M. daga cikinta ne ekklisiyar E.C.W.A. ta fito a 1954. Ta waɗannan hanyoyi Hausa ta zama harshen ibada har ga ƙabilun Filato da kudancin Kaduna.

9.2 Rabe-raben Waƙoƙin

Za a iya kasa su gida biyu:

(a) Fassararrun waƙoƙi: su ne mafi yawan na cikin Littafin Waƙoƙi. An ɗauko su daga Turanci tare da karinsu na asali.

(b) Ƙagaggun waƙoƙi: su ne waɗanda 'yan ƙasa suka tsara, musamman ƙungiyar Zumuntar Mata. Sigarsu ta waƙar baka ce, wato jagora ta bayar, sauran su amsa, ana kiɗa tulu da ganga, ana tafi da rangaji.

9.3 Matsalar Kari da Nauyin Gaɓa

Hausa harshe ne mai karin sauti, mai bambanta dogon wasali da gajere. Dubi kalmar "gari". Idan aka ja wasalin farko, an sami garin tuwo. Idan aka taƙaita shi, an sami garin da mutane ke zaune. Haka "fara" take: ko ƙwaro, ko soma aiki, ko launi. To, idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka tsara domin Turanci, sau da yawa gaɓa marar nauyi kan faɗa inda ake jan murya, mai nauyi kuma ta faɗa inda ake gaggawa. Sai mai sauraro ya dogara da muhallin kalma kafin ya gane manufa. Ƙagaggun waƙoƙi sun fi tsira daga wannan, domin tare ake gina karinsu da kalmominsu. Wannan na daga cikin dalilan saurin haddace su ga wanda bai iya karatu ba.

9.4 Sauran Fasahohi

Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa gini ne na ƙasa bisa tsarin maginan Hausa. Akwai kuma wasan kwaikwayo da matasa kan shirya lokacin Kirsimeti da Ista, inda ake nuna labarin da sutura da karin maganar gida.

9.5 Kammalawa

Malami zai iya samun Musulmi da Kirista a aji guda. Wajibi ne ya gabatar da waɗannan waƙoƙi a matsayin adabi, ya nazarci jigo da salo da tsari, ba tare da wa'azi ko kushe ba. Kada ya tilasta wa wani ɗalibi rera abin da ya saɓa wa aƙidarsa.

Jinga

1. Bambanta fassararriyar waƙa da ƙagaggiya.
2. Kawo kalmomi biyar da tsawon wasali ke sauya ma'anarsu.
3. Da izinin shugabanninta, saurari waƙa ɗaya ta Zumuntar Mata, ka rubuta ta, ka fito da amshinta da jigonta.