Kirisantimam: Furen da Ke Jiran Dogon Dare

Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan furen kirisantimam da yadda ake kula da shi a ƙasashe masu sanyi. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, daga nan ya shiga Japan, inda har yau hotonsa ne tambarin gidan sarauta. A shekarar 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa wannan suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "zinariya" da "fure".

Lokacin Furensa

Shuka ce da ke yin shekaru. Da hunturu karanta ya bushe, saiwar kuwa ta kwanta a ƙasa, sai wajen watan Afrilu ta sake tohowa. Furen yana fitowa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, wato daidai lokacin kaka a wurinmu. Abin lura shi ne, tsawon dare ne ke sa shi fure. Sai dare ya fara tsawo, rana ta gajarta, sannan yake fitar da kai. Dawar gida ta ƙasar Hausa ma haka take, shi ya sa take fitar da kai ƙarshen damina ko da an riga an shuka ta da wuri.

Yadda Ake Kula da Shi

1. A dasa shi inda zai sami rana aƙalla awa 6, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, don kada saiwa ta ruɓe.
2. A nisanta shi da fitilar titi, domin hasken dare yana jinkirta furen.
3. Idan ya kai santimita 15, a riƙa tsinke kan kowane reshe don ya yi rassa da yawa. A daina a farkon Yuli.
4. A yi ban ruwa a gindi, ba a kan ganye ba, saboda fumfuna.
5. Kada a yanke busasshen kara sai sanyi ya wuce. A lulluɓe gindin da ciyawa.
6. Duk shekara 2 ko 3 a tono gindin, a rarraba, a sake dasawa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sanin lokaci shi ne ginshiƙin noman wannan fure. Wanda ya makara wajen tsinke rassa, to furen bana ya tsinke, sai kuma ya jira baɗi.