DARASI: YADDA INGILA TA SHA WUYA KAFIN TA CI INDIYA A WASAN KURKET

Kurket wasa ne na ƙwallo da sanda. Asalinsa daga ƙasar Ingila ne, amma ya yi farin jini ƙwarai a Indiya da Pakistan da Ostareliya. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Ana kafa sanduna uku a ƙasa. Mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako a hannu, shi ne mai bugu. Wani kuma daga ɗaya ɓangaren ya jefo ƙwallo, shi ne mai jifa. Idan mai bugu ya doki ƙwallo ta yi nisa, sai ya yi gudu ya sami maki. Idan ƙwallo ta bugi sandunan, ko aka cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, to an fitar da shi. In an fitar da mutum 10, sai ɗaya ɓangaren ya karɓi bugu.

Babban wasan kurket shi ne wanda ake kira Tes. Yakan kai kwana 5, kuma kowane ɓangare yana da damar bugu sau biyu.

Masu jifa iri biyu ne. Akwai mai jifa da ƙarfi, akwai mai murɗa ƙwallo. Mai murɗawa ba ya sauri. Yana juya ƙwallon da yatsu ko da wuyan hannu. Da ta taɓa ƙasa sai ta karkace, ta yi dama ko hagu. Mai bugu ya kai duka nan, ƙwallo ta bi can. A Ingila ƙasa tana da laima da ciyawa, saboda haka masu jifa da ƙarfi suka fi tasiri. A Indiya kuwa ƙasa busasshiya ce mai ƙura, ƙwallo tana kama ta sosai ta karkace. Shi ya sa 'yan Ingila ba su saba da irin wannan jifa ba.

A farkon shekarar 2012 Ingila ce ta ɗaya a duniya a wasan Tes. Sai ta je Dubai da Abu Dabi ta kara da Pakistan sau uku, aka cinye ta duka ukun. Masu murɗa ƙwallo biyu ne suka yi mata wannan ɓarna. Saeed Ajmal ya fitar da masu bugu sau 24, Abdur Rehman kuma sau 19. A Abu Dabi maki 145 kawai Ingila take nema ta yi nasara, amma aka fitar da mutanenta duka a kan maki 72.

A watan Nuwamba na shekarar Ingila ta sauka Indiya ƙarƙashin sabon shugaban 'yan wasa, Alastair Cook. A wasan farko a birnin Ahmedabad aka sake cinye ta. Mutane da yawa suka ce abin da ya faru a Dubai zai maimaita kansa.

To amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A wasa na biyu a birnin Mumbai, Ingila ta gyara kurenta. Ta sa Monty Panesar, gwanin murɗa ƙwallo wanda ta bari a benci a wasan farko, ya haɗu da Graeme Swann. Masu bugu kuma suka daina tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci su matsa gaba su tari ƙwallo kafin ta karkace, wani lokaci su ja baya su jira ta. Cook ya yi haƙuri ya tara maki 122. Kevin Pietersen, wanda maki 67 kacal ya samu a wasanni uku da Pakistan, ya ci 186 a bugu ɗaya. Panesar ya fitar da mutum 11, Swann ya fitar da 8. Ingila ta ci Indiya da makamin da Indiya take taƙama da shi.

Bayan haka Ingila ta sake yin nasara a Kolkata, aka tashi canjaras a Nagpur. Ingila ta ci 2, Indiya ta ci 1. Rabon Ingila da ta lashe jerin wasannin Tes a ƙasar Indiya tun shekarar 1985.

Ƙasar Mumbai ba ta fi ta Ahmedabad sauƙi ba. Abin da ya canza shi ne 'yan Ingila sun gane inda rauninsu yake, sun zauna sun koya, ba su ji kunyar gyara ba.

TAMBAYOYI
1. 'Yan wasa nawa ne a kowane ɓangare a wasan kurket?
2. Me ya sa ƙwallo ta fi karkacewa a ƙasar Indiya?
3. Maki nawa Ingila ta samu a Abu Dabi lokacin da take neman 145?
4. Waɗanne gyare-gyare biyu Ingila ta yi a Mumbai?